Ina son hawa hasumiya, maigida ya ce asarar kuɗi ce

Assalamu alaikum Anti. Ina roƙon ki ɓoye sunana da sunan garin da za mu, don maigidana yana karanta wannan fili. Wata mai zuwa za mu yi tafiya ƙasar waje, ni da shi da mahaifiyarsa da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 4. Asalin tafiyar ta ganin likitan Hajiya ce kan ciwon gwiwa, amma in an gama za mu samu kwana uku na yawo. Garin yana da wata doguwar hasumiya da ake hawa a kalli birnin gaba ɗaya. Tun ina budurwa nake ganin hotonta, ina cewa a raina wata rana sai na hau. Da na kawo maganar, maigida ya yi dariya ya ce shi ba zai biya kuɗi don ya kalli rufin gidajen mutane ba, duk abin da zan gani a can yana cikin waya kyauta. Ya lissafa, tikitinmu mu biyar ya kusa kuɗin kwana ɗaya a otal. Ya kuma ce wani abokinsa ya taɓa hawa, ya yi awa biyu a layi, da ya isa sama bai ga komai ba sai hazo. Hajiya ta ce ita ko kyauta ce ba za ta hau ba, jiri take ji. Yaron kuwa tunda ya ji maganar ya hana ni sakat. Anti, duk tsarin tafiyar nan shi ya yi, ban nemi komai ba sai wannan. Na yi shiru amma abin yana cina a rai. Da gaske asarar kuɗi ce, ni ce nake yarinta? In dage ko in haƙura?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Na cire sunan garin kamar yadda kika roƙa, saboda haka zan riƙa jawo misalai daga birane daban-daban, ke kin san wanda ya yi kama da naku.

Kalmar yarinta nake so ki fara ajiyewa. Ɗan Adam ya daɗe yana son ya hau wuri mai tsawo ya ga garin da yake ciki. Lokacin da aka buɗe hasumiyar Eiffel a birnin Faris a 1889, lifta ba ta ma fara aiki ba a kwanakin farko, da ƙafa dubban mutane suka riƙa hawa, kuma kafin a rufe baje kolin da aka gina ta dominsa, kusan mutum miliyan biyu sun ziyarce ta. Ba yara ba ne duka. Burin da mutum ya riƙe a ransa shekara da shekaru, ga shi Allah ya kawo shi ƙofar abin, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba sai kin kawo hujja ba kafin ki so shi.

Sai dai maigidanki ma ba shirme ya faɗa ba, kuma in kina so ya saurare ki, sai kin fara yarda da inda yake da gaskiya. Tikitin irin waɗannan wurare yana da tsada, kuma yawanci abin da ake samu a kansa bai wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya a sama ba. Layi gaskiya ne, kuma ba ɗaya ba ne: akwai na tikiti, akwai na binciken jaka, akwai na shiga lifta, sannan akwai wanda ba a cika faɗa wa mutane ba, wato layin saukowa. Hazo ma gaskiya ne. Ni kaina na taɓa hawa wata hasumiya a ranar da bai kamata ba, na zagaya benen kallon sau biyu ina duban fari fat kamar an lulluɓe gilashin da auduga, na sauko ina jin haushin kaina. Mutumin da ya ɗauki nauyin jirgi da otal da likita, in ya ji an ce a ƙara kashe kuɗin kwana guda a kan abin da zai iya zama haka, ba laifi ba ne in ya ja baya.

Inda ban yarda da shi ba shi ne maganar waya. Gani ya kori ji, kuma hoto ya fi kusa da ji. Hoto yana nuna miki gefe ɗaya da wani ya zaɓa. A saman kuwa ke ce za ki juya gabas da yamma, ki ga inda kogi ya bi, inda teku ta tsaya, inda tsohon gari ya ƙare sabon ya fara, ki gano otal ɗinku, ki gano asibitin da kuka yi ta zirga-zirga, ki ga ashe titin da ya cinye muku awa ɗaya a mota ɗan zare ne tsakanin unguwa biyu. Baƙo a babban birni kamar wanda aka ɗaure wa ido yake, ana ɗauke shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Hawa sama sau ɗaya yana haɗa masa garin a kai. Wanda ya tsaya a saman hasumiyar Alƙahira, mai tsawon mita 187 a tsakiyar tsibirin kogin Nilu, ya ga yadda ruwan ya raba garin, kuma in sama ta washe ya hango dalolin Giza can bakin hamada, ya fahimci Masar fiye da yadda taswira za ta koya masa. Gaskiya ne hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma ku ai kun riga kun shiga, hangen ne ya rage muku.

To amsar tambayarki ta farko: ba asara ba ce, in an yi ta a ranar da ta dace, a lokacin da ya dace, kuma waɗanda ke so ne suka hau. Asarar tana shigowa ne ta ɗayan waɗannan ƙofofi uku, kuma duka ana iya rufe su.

Ɗauki lissafin da ya yi na mutum biyar. Wa ya ce mutum biyar za su hau? Hajiya ta faɗi ra'ayinta, kuma ina roƙonki kada ki yi ƙoƙarin canza mata shi. Dattijuwar da ta fito daga ganin likitan gwiwa, tsayuwar layi kaɗai ta ishe ta wahala, balle ga jiri. Akwai ma hasumiyoyin da can ƙololuwarsu ba a yi ta don masu matsalar ƙafa ba, kamar hawan ƙarshe na Eiffel da ba a kai mai keken marasa lafiya. In kika lallashe ta ta hau don kunyar ki, ta sauko ba daɗi, maganar za ta daɗe a gidan fiye da hotunan. 'Yar shekara huɗu kuwa, minti biyar za ta kalli motoci kamar tururuwa ta yi dariya, sai ta ce fitsari take ji. Ba za ta tuna ba. Ko da wurare da yawa suna rage wa ƙananan yara kuɗi, wasu ma ba sa karɓa, riƙon ta a cikin cunkoso zai hana ki kallon da kika zo yi. Saura ke da yaron, sai shi maigidan in yana so. Tikiti biyar ya koma biyu, ɗaya ma na yaro. Kuɗin da ya kusa na kwana a otal ya faɗo ƙasa da rabi tun ba a yi gardama ba.

Kuma barin su a ƙasa ba yasar da su ba ne. Yawancin manyan hasumiyoyin zamani a kan kantuna da wuraren zama aka dasa su. Burj Khalifa da ke Dubai ta cikin babban kantin Dubai Mall ake shiga benen kallonta, Tokyo Skytree tana da rukunin shaguna a gindinta, tagwayen hasumiyoyin Petronas na Kuala Lumpur suna da kanti a ƙasa da lambu a bayansu. Hajiya ta samu kujera da inuwa, ɗanta yana gefenta, jikarta tana wasa a gabanta. Awa ɗaya da rabi ba za ta gundure su ba.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da masu sayar da tikiti ba za su gaya miki ba. Yawancin hasumiyoyi suna da benen kallo biyu, na ƙasa da na can sama, kuma na saman ya fi tsada sosai. Zuciya za ta ce miki tunda an zo, a kai ƙarshe. Amma nisan da ido ke kaiwa ba ya ƙaruwa daidai da tsawon da kika hau, saboda duniya a lanƙwashe take. Daga tsawon mita 100, iyakar ganinki wajen kilomita 36 ce. In kina so ki ninka wannan nisa sau biyu, sai kin ninka tsawon sau huɗu, wato ki hau mita 400, ki samu kilomita 71 ko kusa da haka. Ki auna da Burj Khalifa, wadda aka buɗe a 2010 mai tsawon mita 828: benen kallo na hawa na 124 yana mita 452, na hawa na 148 yana mita 555. Bambancin iyakar gani tsakaninsu bai wuce kilomita takwas ba, daga wajen 76 zuwa 84, kuma wannan a lissafin takarda ne, ranar da iska take garau kamar ruwan sha. A yawancin ranaku ƙura da hayaƙi da tururin ruwa za su tare ido tun kafin ya kai rabin haka. Abin da ƙarin kuɗin ke saya a gaskiya shi ne ƙarancin cunkoso, da wurin zama, da damar cewa na kai can. In waɗannan suna da daraja a wurinki, to. Amma kallon kansa kusan ɗaya ne.

Har ma zan ce miki wani lokaci ƙasan ya fi. In tsawo ya yi yawa, gari yakan baje ya koma taswira, ba mutum ba motsi, kamar abin da kike gani ta tagar jirgi. Mutane da yawa da suka hau Eiffel sun fi jin daɗin hawa na biyu, mai mita 115, a kan na ƙarshe mai mita 276, don daga na biyun ana gane gadoji da tituna da gine-gine ɗaya bayan ɗaya. Kuma ana iya kaiwa can da ƙafa, matakala 674, a kan tikiti mai sauƙi, ga mai ƙarfin gwiwa. Hasumiyar Galata ta Istanbul, wadda aka gina tun 1348, ba ta kai mita 70 ba, amma saboda tana kan tudu, daga samanta ana ganin jiragen ruwa suna ketare mashigi da ƙubbobin masallatai a jere, abin da wata doguwa ba za ta ba ki ba. Saboda haka in kin je sayen tikiti, ki ɗauki na benen ƙasa ba tare da jin an rage miki komai ba. Wannan ma wani kuɗin ne ya dawo aljihun maigida.

Akwai wata tambaya da nake so ki yi wa kanki a ɓoye, don amsarta ce za ta nuna miki hanya. Garin kike son gani daga sama, ko kuwa ita hasumiyar kike son hawa? Ba ɗaya ba ne. Wanda yake cikin hasumiya ba ya ganin hasumiyar, alhali sau da yawa ita ce adon garin. Shi ya sa a Niyok mutane da yawa suke hawa ginin Rockefeller, don daga can ne ake ganin dogon ginin Empire State tsaye a gabansu. A Kuala Lumpur masu son ganin tagwayen Petronas sukan hau ɗaya hasumiyar ta sadarwa, mai mita 421, da ke kan tudu. A Faris, daga saman babbar ƙofar tarihi ta Arc de Triomphe ko daga tudun Montmartre ake ganin Eiffel a cikin garinta. Kuma akwai biranen da ke da wurin kallo na kyauta: a Tokyo, ginin gwamnatin birni da ke Shinjuku yana da benen kallo a hawa na 45, mita 202, ba a biyan ko sisi, a Landan kuma akwai Sky Garden a saman wani dogon gini, wanda ake shiga kyauta in an nemi gurbi ta intanet tun da wuri. Kusan kowane babban birni yana da tudu ko saman otal ko saman wani kanti da zai ba ki wani abu makamancin haka.

In garin kike son gani, to ga mafita mai sauƙi, kuma har Hajiya za ta iya zuwa in wurin ba shi da wahala. Amma na karanta wasiƙarki da kyau. Kin ce hoton hasumiyar kike gani tun kina budurwa, kina cewa sai kin hau. Ba na jin saman wani kanti zai biya miki wannan. Kada ki yarda a musanya miki da wani abu, ki ce to, sannan ki dawo gida da abin a maƙale a wuya. In ita kike so, ki ce ita.

Sai maganar abokinsa da hazo, wadda ita ce hujjarsa mafi ƙarfi. Maganinta tsarawa. Kuna da kwana uku, kuma kafin su kuna da kwanakin asibiti da za ki riƙa lura da sararin garin. Akwai gwaji mai arha: ki tsaya inda ake hango hasumiyar daga nesa, in kin ga ƙololuwarta sarai, to daga can ma za a ga ƙasa sarai, in kuwa kanta ya shige cikin gajimare ko ta yi dishi-dishi, ki bar kuɗinki a jaka. Ki haɗa da duba hasashen yanayi a waya. Washegarin ruwan sama ko iska mai ƙarfi, sarari ya fi tsabta, don an wanke ƙurar. A garuruwa masu zafi da laima, lokacin sanyi ya fi ba da kallo mai nisa. Mutanen Tokyo sun san cewa dutsen Fuji, mai nisan kusan kilomita 100, an fi hango shi da safiyar hunturu, a tsakiyar zafi kuwa sai a yi kwanaki ba a gan shi ba.

A nan akwai 'yar sarƙaƙiya. Tikitin da aka saya ta intanet tun da wuri yakan fi sauƙi, yana da ƙayyadadden lokaci, yana kuma raba ki da layin farko. Amma yana ɗaure ki da ranar da ba ki san yadda samanta zai kasance ba, kuma wurare da yawa ba sa mayar da kuɗi don an yi hazo. Shawarata ki tsaya tsakiya: kada ki saya tun daga gida, ki bari sai saura kwana ɗaya ko biyu, lokacin da hasashen ya fara zama abin dogaro, sai ki saya a shafin hasumiyar na ainihi, ki kuma karanta ko suna yarda a canza rana. Sai fa in lokacin hutu ne da gari ke cika da baƙi, nan kam gurbi yana iya ƙarewa, sai ki riƙa leƙa shafin tun yanzu ki ga yadda ranakun ke cika. Ki guji masu tare mutane a bakin ƙofa da tikiti a hannu. Kuma ki sa hawan a rana ta farko cikin ukun, don in sama ta ɓaci kina da sauran biyu, in kuma ta yi kyau, abin da kika gani zai yi muku jagora a sauran yawon.

Lokacin yini ma yana da nasa. Kowa yana son faɗuwar rana, don mutum ya ga garin da haske, ya ga ja-ja-jan yamma, ya ga fitilu suna kunnuwa, duk a tikiti ɗaya. Yana da kyau, ba musu. Amma shi ne lokacin da ya fi cunkoso, kuma wasu hasumiyoyin, har da Burj Khalifa, suna ƙara kuɗi a waɗannan sa'o'i. Da dare kuma akwai abin da ba a faɗa: in benen na gilashi ne, fitilun ciki suna mai da shi madubi, sai ki ɗauki hoto ki ga fuskarki da ta mutanen bayanki a kan garin. Ke da kike da yaro, da dattijuwa tana jira a ƙasa, da miji mai ƙin layi, farkon buɗewa da safe ya fi miki. Mutane kaɗan ne, lifta ba jira, kuma kafin Hajiya ta gaji kun sauko. Tunda na ambaci faɗuwar rana, ga abin da za ki ba yaron ya yi ta mamaki: a saman dogon gini rana tana jinkirin faɗuwa fiye da a ƙasa, har a 2011 aka sanar a Dubai cewa mazauna manyan hawa na Burj Khalifa su ƙara minti biyu zuwa uku kafin buɗa-baki, don su har lokacin suna ganin ranar.

Shi yaron, shekara tara daidai ce. Irin wannan abin yakan zauna a kan yaro har ya girma. Ki shirya shi kafin ku je: ku duba taswirar garin tare, ku zaɓi abu huɗu ko biyar da za ku nemo daga sama, otal, asibiti, filin jirgi, gada, filin ƙwallo. Da haka ba zai gama a minti goma ba. Ki gaya masa kunnensa zai toshe a cikin lifta, don irin waɗannan liftoci suna gudu, ta Burj Khalifa tana cin mita 10 a daƙiƙa guda, kuma nauyin iska yana raguwa da sauri. Ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma, zai buɗe. In akwai daɓen gilashi da ake takawa a ga ƙasa, irin na hasumiyar CN a Toronto da ke mita 342, kada ki tilasta masa, kuma kada ya tilasta miki. In wurin a buɗe yake, ku tafi da abin rufa, iskar sama ta fi ta ƙasa sanyi da ƙarfi. Sannan ki sani hanyar fita kusan kullum ta cikin shagon tsaraba take bi, da mai hoton da ya ɗauke ku a ƙofa yana jiran ku da farashinsa. Ku yi yarjejeniya da yaron tun a ƙasa, in ba haka ba abin da kika tsimi a tikiti a nan zai tafi.

Yanzu mu dawo kan maigida, don ina jin ba hasumiyar ce ta fi damun ki ba. Jimlar da ta tsaya mini a wasiƙarki ita ce, ban nemi komai ba sai wannan. Abin da ya yi miki ciwo dariyar ce. Kin miƙo abin da kika daɗe kina ɓoyo a rai, aka auna shi da kuɗin otal. Amma ki tambayi kanki, ya san haka? Kin gaya masa tun kina budurwa kike wannan buri, ko kuwa cewa kika yi kawai, mu je mu hau hasumiya? In na biyun ne, shi shawarar yawo ya ji, ya kuma amsa ta da lissafi, kamar yadda zai amsa kowace shawara a tafiyar da hankalinsa ke kan gwiwar mahaifiyarsa da abin da likita zai caje shi. Ba lalle ne ya san ya taka wani abu ba.

Akwai kuma wani abin da nake zato, zato ne kawai, ke kika san mijinki. Ruwa ba ya tsami banza. Hujja uku a kan ɗan ƙaramin abu, har da kawo aboki shaida, wani lokaci alama ce ta mutumin da shi kansa ba ya son tsawo kuma ba zai faɗa ba. Tsoron tsawo ya yi yawa a cikin mutane, maza da mata, kuma ga shi mahaifiyarsa ma tana jin jiri. In haka ne, kada ki tono shi, kada ki tsokane shi ko da wasa. Tsarin da na ba ki ya riga ya buɗe masa ƙofar fita cikin mutunci: shi ne zai zauna da Hajiya.

Ki same shi ku kaɗai, ba gaban Hajiya ba, ba kuma gaban yaron ba, don kada ya ji an haɗa masa kai. Ki fara da yarda da shi: ki ce lissafinsa daidai ne, mutum biyar ya yi yawa, kuma ke ma ba ki son abin da ya samu abokinsa. Sannan ki faɗi naki a fili, ba habaici: wannan abu ne da na daɗe ina so, kuma zan ji daɗi ƙwarai in na yi shi. Sai ki ajiye masa tsarin, ke da yaro, benen ƙasa, da safe, ranar da sama ta washe, in kuma ba ta washe ba duk kwana ukun, kin haƙura da kanki. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da muhimmanci, don yana nuna masa ba rigima kike nema ba. Kada ki shiga gardamar ko ya cancanci kuɗin, a wannan fagen kowa yana da hujja kuma ba mai kayar da wani. In kina da ɗan abin hannunki, kina iya cewa za ki biya naki, amma ki lura da yadda za ki faɗa, kada ya zama kamar gori. Wani mijin zai ji sauƙi, wani zai ji an rage masa girma. In irin na biyun ne, ki nemo wani abu a cikin tsarin tafiyar da ke ba ki damu da shi ba, ki ce a cire shi a sa wannan.

Hajiya ma ki sa ta a ciki ta hanyar da ta dace. Bayan kun daidaita da ɗanta, ki gaya mata da kanki cewa za ku hau ke da jikanta, ba za ku daɗe ba, kuma kun nemo mata wurin zama mai kyau. Kada ta ji daga bakin yaro. In kun isa sama ki kira ta a bidiyo ta ga garin tana zaune a kujerarta, in ta ce ki kawar da wayar jiri take ji, ku yi dariya tare.

In duk da haka ya ce a'a saboda kuɗi, kuma kin san da gaske aljihun ya matse bayan likita, to ki karɓi uzurin, amma ki roƙi abu ɗaya: ya kai ku gindin hasumiyar da yamma lokacin da ake kunna mata fitilu, ku tsaya ku ɗaga kai, ku ɗauki hoto, sannan ku nemi wurin kallo na kyauta don yaron. Ki kuma gaya masa a sarari cewa kin ɗage ne, ba ki soke ba. Likitan gwiwa yakan ce a dawo a duba, kuma in an dawo, tikiti biyu na safe a benen ƙasa shi ne farkon abin da za a sa a lissafi.